Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa a Achao

Ƙarfe biyun dare, ruwa na dukan kwano,
suka shigo da Don Eleuterio a kan ƙyauren ƙofa,
takalmin roba a ƙafa ɗaya, ɗayan teku ya tafi da shi.
Ƙarnin kifi ya riga shi shiga ɗakin jinya.

"Ba faɗuwa na yi ba," in ji shi, "zama na yi da sauri."
Matarsa Orfelina ta ɗaga yatsu uku a bayansa:
karo na uku ke nan tun haƙar dankali.
Na gane wa zan tambaya.

Na aske gashin ƙirjinsa, fari kamar kumfa,
na liƙa waya shida bisa haƙarƙari,
huɗu a hannuwa da ƙafafu,
na ce kada ya motsa, kada ya yi tari.
Na'ura ta fara amayo takarda mai ruwan hoda,
layi na hawa yana sauka, rubutun hannun zuciya.

A Valdivia an biya mana shi baƙi da wasali:
ɗan tudu tukuna, ɗakin sama ya ƙwanƙwasa;
sai tsini dogo, ɗakin ƙasa ya amsa;
sai tudu mai faɗi, hutu kafin a sake.
Sallama da amsa, sallama da amsa,
har ranar barin duniya.

Na ƙirga manyan gidaje daga tsini zuwa tsini.
Tara. Bugu talatin da uku a minti.
Na ce a raina, masunci ne, tun yana yaro yake jan raga,
irinsu ƙirjinsu ba ya gaggawa.
Har na cire murfin biro zan rubuta lafiya.

Abin da ya riƙe hannuna bai kai ƙwayar shinkafa ba:
wani tudun hutu ya yi doro,
kamar bargon da kyanwa ta shige ƙarƙashinsa.
Na yago gefen takardar magani,
na ɗiga alama kan kowane ƙaramin tudu,
na ja ta gaba a hankali.
Ga su nan sahu-sahu, tamanin a minti,
wani a fili, wani ya laɓe cikin tsini,
ba wanda ya makara, ba wanda ya ɓata hanya.

Sama na ƙwanƙwasawa, ƙasa ba ta ji.
Ƙasa ta gaji da jira, ta kama nata kiɗan,
jefi-jefi, kamar tsoho mai tuƙa kwale-kwale shi kaɗai.
Gida ɗaya, ɗaki biyu,
an tsinke igiyar da ke tsakiya.

Na tura hoto ga Dokta Oyarzún a Castro.
Ta kira kafin in ajiye wayar.
"Toshewa ce gaba ɗaya. Liƙa masa faifan lantarki,
kada ki bar gefensa ko don shan ruwa.
Jirgin fito na farko, ku wuce Puerto Montt,
can za a dasa masa batir."
Ban ce mata saura ƙiris in sallame shi ba.
Na haɗiye wannan da kunya.

Orfelina ta ajiye safar ulun da take saƙawa,
ta ce in nuna mata abin da takardar ta faɗa.
Na nuna mata mai kira, na nuna mata mai shiru.
Ta daɗe tana kallo.
"Shekara arba'in da ɗaya ina magana,
yana amsawa sa'ad da ya ga dama.
Ashe har ciki haka yake."
Layin allo ya hargitse, na zabura na miƙe.
Ba komai. Tsohon ne ke dariya.

Da asuba ruwa ya tsagaita.
Muka gangara mashigi, motar asibiti na tafiyar hawainiya,
yatsuna biyu a wuyan hannunsa, ina ƙirge.
Ya tambaya ko wani ya ga takalminsa.
Guntuwar takardar nan mai ɗige-ɗige
tana aljihun rigata har yau,
ta sha wanki sau biyu, alamun sun dushe.
Nakan taɓa ta kafin in ce wa kowa lafiya.